Idan iska ta ɓalle daga huhun yaro mai asma: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

A unguwannin Hausawa na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Obalende zuwa Alaba Rago, da wuya a shiga layi a rasa gidan da ke da yaro mai asma, cutar da kakanninmu suke kira fuka, wadda dabam take da tarin fuka. Iyayen irin waɗannan yara sun san darenta: tari ba ƙaƙƙautawa, numfashi yana kuka kamar na mage, yaro ya kasa kwanciya sai dai ya zauna ya dafa gwiwa. Abin da yawancinsu ba su taɓa ji ba shi ne cewa, jefi-jefi, idan tashin asma ya yi tsanani, iska kan ɓalle daga cikin huhu ta shiga wuraren da ba nata ba a ƙirji da wuya. Na tattara tambayoyin da iyaye suka fi yi a kan wannan lamari, domin na ga yadda rashin saninsa yake sa wasu su zauna a gida lokacin da ya kamata su ruga asibiti, wasu kuma su kai yaro wurin da za a ƙara masa rauni a kan rauni.

Me ake nufi da cewa iska ta ɓalle a ƙirjin yaro?

Huhu cike yake da miliyoyin ƙananan jakunkuna masu bango siriri ƙwarai, kuma a cikinsu ne iskar da muka shaƙa take haɗuwa da jini. Idan wasu daga cikin jakunkunan nan suka fashe, iskar takan fita ta nemi hanya, kuma inda ta taru shi yake ba matsalar sunanta. Idan ta bi jikin jijiyoyin jini da bututun numfashi ta gangara tsakiyar ƙirji, inda zuciya da maƙogwaro da manyan jijiyoyi suke, likitoci suna kiran wannan numomediyastinum, mu kuma a nan za mu kira shi iskar tsakiyar ƙirji. Idan ta haura daga nan ta bazu a wuya da kafaɗu da fuska, ita ce iskar ƙarƙashin fata. Idan kuwa ta shiga tsakanin huhu da haƙarƙari ta matse huhun har ya lotsa, wannan shi ne numotoraks, wato iskar gefen huhu, kuma shi ne mafi haɗari a cikinsu. Akwai kuma lokutan da iskar takan shiga rigar da ta lulluɓe zuciya, ko ma ta kai ramin ƙashin baya, amma waɗannan biyun likita yakan yi shekaru yana aiki bai gamu da su ba.

Ta yaya asma take jawo wannan?

Lokacin da asma ta tashi, abubuwa uku ne suke faruwa a bututun numfashi a lokaci guda: tsokar da ta zagaye su takan tsuke, cikinsu ya kumbura, sannan majina mai kauri ta toshe abin da ya rage na hanya. A wannan hali shigar iska ta fi fitarta sauƙi, domin bututun yakan ɗan buɗe idan an ja numfashi, ya kuma ƙara rufewa idan za a fitar. Saboda haka kowane numfashi yakan bar ragowar iska a baya, huhun ya yi ta cika kamar balan-balan da ake hurawa ba a sassautawa. Ana cikin haka sai tari mai ƙarfi ya zo, ko amai, ko kuka mai yunƙuri, matsin ya wuce abin da bangon jakunkunan zai iya ɗauka, sai wani wuri ya tsage.

Wani masani ɗan ƙasar Kanada mai suna Charles Macklin shi ne ya bayyana hanyar da iskar take bi a shekarar 1939, bayan gwaje-gwajen da ya yi a kan dabbobi, inda ya nuna cewa ba kai tsaye take fasa huhu ta fito ba, sai dai ta bi rigar jijiyoyin jini sannu a hankali har ta isa tsakiyar ƙirji. Wannan bayani yana da amfani ga iyaye, domin shi yake nuna dalilin da ya sa ciwon yake cikin huhu amma kumburin yake bayyana a wuya. Wuyan ba shi da laifi. Mafita ce kawai iskar ta samu, kuma fitarta zuwa ƙarƙashin fata takan rage matsin da ke kan zuciya.

Shin abu ne da ke yawan faruwa?

A'a. A binciken da aka yi a sashen gaggawa na asibitin yara a Amurka, yaran da aka samu da iskar tsakiyar ƙirji ba su kai ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka kawo da tashin asma ba, iskar gefen huhu kuwa ta fi haka ƙaranci. An fi ganinsa ga yara maza da suka fara tasawa, musamman dogaye marasa jiki.

Waɗanne alamu ne za su sa uwa ko uba su yi zargin haka?

Alama ta farko ita ce ciwon ƙirji da ya zo farat ɗaya, mai suka, wanda yake ƙaruwa idan yaro ya ja numfashi ko ya yi tari, kuma sau da yawa yakan haura wuya ko kafaɗa ko baya. Asma da kanta takan sa yaro ya ce ƙirjinsa ya ɗaure, amma suka dabam ce da ɗaurewa, kuma yaron da ya saba da cutarsa yakan faɗa da bakinsa cewa wannan ba irin na kullum ba ne. Ina roƙon iyaye su ɗauki wannan magana da muhimmanci, domin yaro ɗan shekara takwas da ya yi shekara biyar yana fama da asma ya fi kowa sanin ƙirjinsa.

Alama ta biyu ita ce kumburin wuya, ko saman ƙirji, ko gefen fuska, wanda idan aka danna shi da yatsa a hankali ake jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata, kamar ana murza ledar biskit ko ana taka busasshen ganye. Wanda ya taɓa jin wannan sau ɗaya ba ya mantawa. Tare da shi murya takan sauya ta koma ta hanci, haɗiyar yawu ta yi zafi, yaro ya ƙi abinci.

Na taɓa ganin wani yaro da mahaifiyarsa ta kawo da asuba, wuyansa ya cika har haɓarsa ta ɓace. Ta ce: "Likita, tun jiya maƙwabta suke ce mini hangum ne, in shafa masa toka da man kaɗanya." Da aka ɗora yatsunta a ƙasan kunnensa aka ce ta danna, sai ta janye hannu da sauri ta yi salati. Hangum kumburi ne mai tauri da zafi a gaban kunne. Wannan kuwa laushi gare shi, yana ƙara, yana kuma gusawa daga wuri zuwa wuri idan an matsa. Yaron ya kwana uku a asibiti ya koma gida da ƙafarsa.

Alama ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce yaron da ake ba maganin shaƙa yadda ya kamata amma yana ƙara taɓarɓarewa, ko wanda ya fara samun sauƙi sai kwatsam ya koma baya. Idan aka tuɓe masa riga aka ga ɓangare ɗaya na ƙirji yana motsi ɗayan ya tsaya, ko leɓɓansa da harshensa sun yi toka-toka, ko ya kasa haɗa kalma biyu, ko ya fara gyangyaɗi yana gumi mai sanyi, to babu sauran jira. A lura kuma, idan kukan numfashin ya ɗauke alhali yaro yana ta kokawar shaƙa, wannan ba sauƙi ba ne. Iskar da ke shiga ce ta yi ƙarancin da ba za ta iya yin ƙara ba.

Wanne ne yake kisa a cikin nau'o'in ɓallewar iskar?

Iskar tsakiyar ƙirji da ta ƙarƙashin fata suna da ban tsoro a ido, amma a mafi yawan lokuta jiki da kansa yake shanye su cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu, ba tare da an yanka ko an huda ba. Wadda ake tsoro ita ce iskar gefen huhu, musamman nau'in da tsagar take zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe guda: iska tana fita daga huhu da kowane numfashi, ba ta samun komawa. A hankali sai ta danne huhun gaba ɗaya, ta ture zuciya zuwa ɗaya ɓangaren, ta matse manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, ƙarfin bugun jini ya faɗi. Wannan yakan iya ɗauke rai cikin mintoci, kuma maganinsa, wato a soka allura tsakanin haƙarƙari a saki iskar, shi ma aikin mintoci ne ga wanda ya iya. Yaro mai asma ba shi da rarar numfashin da zai jure lotsewar huhu ɗaya, tun da ɗayan ma a tsuke yake, shi ya sa ƙaramar iska da mai lafiya zai yi yawo da ita take iya kayar da shi.

Me za a yi a gida kafin a isa asibiti?

A zaunar da yaro a miƙe, ya ɗan karkata gaba, kada a kwantar da shi rigingine. A sassauta masa tufafi, a fitar da shi daga ɗakin da ke da hayaƙi ko turare. A ci gaba da ba shi inhelar buɗe ƙirji, wato salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin mai shuɗin jiki, ta cikin kwalbar shaƙa, wato robar da ake fesa maganin a cikinta yaro ya shaƙa daga ɗaya bakin, fesa ɗaya bayan ɗaya, yana jan numfashi kamar sau biyar a kan kowace fesa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce fesa 2 zuwa 6 ga yaron da bai kai shekara shida ba, fesa 4 zuwa 10 ga wanda ya wuce haka, a maimaita bayan minti 20 idan da buƙata, ana yi ana tafiya asibiti. Wanda likitansa ya rubuta masa tsari na musamman, shi zai bi.

Idan babu kwalbar shaƙa ta kanti, gorar ruwa ta roba mai cin mililita 500 tana aiki: a huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa. An gwada wannan dabara a kan yara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, aka buga sakamakon a 1999, kuma an ga ba ta gaza ta kanti ba. A garin da kuɗin magani yake tashi kullum, wannan ilimi ne da ya kamata kowace uwa ta riƙe.

Lambobin gaggawa na Jihar Legas su ne 112 da 767, kuma kiransu kyauta ne. Amma duk wanda ya san cunkoson Oshodi ko na titin Agege da yamma ya san cewa wani lokaci ɗaukar yaro a Keke zuwa babban asibiti mafi kusa ya fi jiran mota sauri. A kira, a kuma kama hanya.

Za a iya kai shi wurin wanzami ya yi masa tsaga ko ƙaho a fitar da iskar?

Kada a yi, ko da wasa. Na san tunanin da yake kawo haka: an ga kumburi, an ji iska ce, sai a ga ai buɗe mata ƙofa ne magani, kamar yadda ake yi wa maruru sakiya. Amma iskar nan ba a jaka ɗaya take ba, ta watsu ne cikin nama kamar ruwa a soso, kuma tushenta yana can cikin huhu inda aska ba ta kaiwa. Wuya kuma wuri ne da manyan jijiyoyin jini suke kusa da fata, sannan hanyar da iskar ta buɗe daga tsakiyar ƙirji zuwa wuya ita ce ƙwayoyin cuta za su bi su gangara idan aka yi rauni da ƙarfe marar tsabta. Ruɓar tsakiyar ƙirji cuta ce da ko manyan asibitoci suke shan wahalarta. Wanzamai suna da mutuncinsu a al'adarmu, kuma wanzami na ƙwarai da kansa zai ce wannan ba aikinsa ba ne.

Haka kuma kada a ɗaure ƙirji da zane, kada a yi tausa da ƙarfi, kada a yi masa sirace ko hayaƙin magani, kada a ɗura masa jiƙo yana haki, domin zai iya shaƙewa. Maganin tari mai sa barci haɗari ne ga yaron da numfashinsa yake sarƙewa, musamman mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018. Allurar kemis ma ba ta fitar da iska, lokaci kawai take ci.

Wane asibiti ya dace?

Wanda yake da iskar oksijin, da na'urar hoton ƙirji, da likita a kowane lokaci. Mazauna Idi-Araba da Mushin suna da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, a ƙofar gidansu. Mutanen Agege suna da babban asibitin Orile Agege da na Ifako-Ijaiye, sannan asibitin koyarwa na jiha, LASUTH, yana Ikeja. Na Obalende da cikin tsibiri suna da asibitin yara na titin Massey, na Mile 12 da Ketu kuma suna iya nufar babban asibitin Gbagada. Ya kamata kowane gida mai yaro mai asma ya zaɓi nasa tun ana zaune lafiya, ya san hanyar da zai bi da rana da wadda zai bi da dare. Idan aka isa, a faɗa wa nas ɗin da ke karɓar marasa lafiya kai tsaye cewa yaro mai asma ne, ƙirjinsa na suka, wuyansa ya kumbura. Wannan jimla takan fitar da mutum daga layi. Wanda Turancinsa ko Yarbancinsa bai nuna ba ya tafi da mai yi masa tafinta, domin labarin yadda abin ya fara rabin bincike ne.

Yaya likita yake gano matsalar?

Da hannu da kunne yake farawa. Zai shafa wuya da ƙirji ya nemi ƙarar nan, ya duba ko maƙogwaro ya karkace gefe, ya saurari ɓangarorin biyu ya ji ko ɗaya ya yi shiru. Wani lokaci akan ji wata ƙara mai kama da taunar ƙanzo tana bin bugun zuciya, alamar da ake dangantawa da Louis Hamman, likitan asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda ya yi bayaninta a ƙarshen shekarun 1930. Za a maƙala wa yaro 'yar na'ura a yatsa a auna oksijin ɗin jininsa, wanda idan ya sauka ƙasa da kashi 92 cikin ɗari ake ɗaukar tashin a matsayin mai tsanani.

Daga nan sai hoton ƙirji. A hoton, iskar tsakiyar ƙirji takan fito kamar siraran layuka baƙaƙe a gefen zuciya suna haurawa wuya, ta gefen huhu kuwa takan fito kamar fili baƙi da babu zanen huhu a cikinsa. Hoton da aka ɗauka ta gefe yakan nuna abin da na gaba ya ɓoye, na'urar sikanin irin ta masu ciki ma tana taimakawa a hannun wanda ya ƙware. Babban hoton nan mai tsada na siti sikan ba kasafai ake buƙatarsa ba, sai idan ana zargin wani abu dabam, misali tsagewar bututun abinci bayan amai mai tsanani. Ya kamata a sani kuma cewa ba kowane tashin asma ne yake buƙatar hoto ba. Likitan da bai tura yaro hoto ba alhali yana samun sauƙi da magani bai yi sakaci ba. Idan kuwa iskar gefen huhu ta kai matakin danne zuciya, likita ba ya jiran hoto, allura yake fara sokawa.

Anya asma ce kaɗai take kawo haka?

Ba ita kaɗai ba ce. Ciwon huhu na namoniya, da ƙyanda, da tarin shiƙa, da tarin fuka duk suna iya jawowa, haka ma bugu a ƙirji. Akwai kuma abin da nake so iyayen ƙananan yara su riƙe: ƙwayar gyaɗa ko masara ko murfin biro da ya faɗa bututun numfashi yakan sa numfashi ya yi kuka kamar asma, ya kuma tare iska har jakunkunan huhu su fashe. Idan yaro ɗan shekara biyu da bai taɓa asma ba ya sarƙe yana cin gyaɗa, sannan ya fara tari da haki, a faɗa wa likita wannan labari ko da kwana goma ya wuce.

Wane magani ake yi?

Babban maganin shi ne a kwantar da asmar, domin muddin bututun numfashi suna tsuke, iska za ta ci gaba da ɓallewa. Za a ba da salbutamol ta inhela ko ta injin turiri, sau da yawa a haɗa da ipratropium, a ba da maganin rage kumburi irin su firednisolon na 'yan kwanaki, idan abin ya ƙi kuma a ƙara magnesiyam ta jijiya. Za a sa oksijin idan na jini ya yi ƙasa, wanda kuma yake taimaka wa jiki ya shanye iskar da ta ɓalle, tun da kusan kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, shi kuwa yana saurin komawa jini idan oksijin ya rage na cikin jinin. Don ciwo, farasitamol aka fi bayarwa, saboda asfirin ba na yara ba ne, kuma shi da danginsa suna tayar wa wasu masu asma cutarsu.

Ga iskar tsakiyar ƙirji, yawanci abin da ya rage shi ne hutu da sa ido na kwana ɗaya zuwa uku a asibiti. Ga iskar gefen huhu, idan 'yar kaɗan ce kuma yaro yana numfashi da kyau, akan sa ido a sake hoto. Idan ta yi yawa, akan zuƙe ta da allura, ko a sa robar ƙirji tsakanin haƙarƙari a haɗa ta da kwalbar ruwa, iskar ta riƙa fita tana kumfa har huhun ya miƙe. Iyaye da yawa sukan firgita idan aka ambaci robar nan, har wasu su nemi a sallame su su tafi gida. Ina ba da shawara da babbar murya cewa kada a yi haka. Ana kashe zafin wurin kafin a sa ta, kwanaki kaɗan take yi, tabon da take bari bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, kuma ita ce take tsakanin yaro da abin da ba a fata. Tiyata sai idan iskar ta ƙi tsayawa bayan kwanaki, ko ta dawo karo na biyu.

Ba inhelar ce ta fasa masa huhu ba?

Ba ita ba ce. Fesar inhela ba ta da ƙarfin da za ta tsaga komai, kuma maganin da ke cikinta shi yake buɗe hanya iskar da ta maƙale ta fita. Rashin amfani da ita a kan kari shi ne yake barin matsi ya taru. Maganar da ake yaɗawa cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita ta cuci yara da yawa a unguwanninmu, domin ta sa an ɓoye inhela a akwati ana ba su sirof da ba ya kai wa huhu da wuri. Abin da yake iya jawo ɓallewar iska daga ɓangaren magani shi ne injin numfashi na ɗakin kulawa ta musamman, shi ya sa likitoci suke yin iya ƙoƙarinsu kada su kai mai asma gare shi sai dole.

Bayan an sallame shi, me zai kiyaye?

Na 'yan makonni, har sai likita ya duba ya ba da izini, ya bar ƙwallo da guje-guje da ɗaukar kaya masu nauyi irin su jarkar ruwa, ya bar hura balan-balan, ya kuma dakata da busa na'urar auna ƙarfin numfashi. Makaranta da Islamiyya zai iya komawa da zarar ya ji ƙarfi, amma a gaya wa malamai a bar shi ya yi karatu ba tare da ɗaga murya ba, kuma inhelarsa ta kasance a jakarsa, ba a gida ba.

Maganar jirgin sama tana da muhimmanci ga masu zuwa Kano ko Sakkwato hutu da masu niyyar Umara. A cikin jirgi matsin iska yana raguwa kamar an hau dutse mai tsawon mita 2,000 ko fiye, iskar da ta maƙale a ƙirji kuwa takan kumbura. Saboda haka yaron da ya yi iskar gefen huhu ba zai hau jirgi ba sai hoto ya tabbatar ta tafi gaba ɗaya, sannan a ƙara aƙalla mako guda a kai. Nutso mai zurfi da tukunyar iska an hana shi har abada, sai in an yi masa tiyatar gyara.

Zai iya dawowa?

Iskar tsakiyar ƙirji ba kasafai take maimaituwa ba idan an riƙe asmar. Ta gefen huhu ta fi saurin dawowa, kuma taba da shisha da wiwi suna ninka haɗarin, abin da ya kamata a zauna a faɗa wa samarin da suka fara fita majalisa ba tare da kunya ba.

Ta yaya za a hana faruwarsa tun farko, a gari irin Legas?

Babu wani rigakafi na musamman ga ɓallewar iska sai hana asma kaiwa wannan mataki. Yaron da yake buƙatar shuɗiyar inhela fiye da sau biyu a mako, ko tari yake tashinsa da dare, ko aka taɓa ba shi gado saboda asma, yana buƙatar inhela ta biyu, ta kariya, mai ɗauke da beklometason ko budesonayid, wadda ake shaƙa kullum safe da dare ko da yana cikin ƙoshin lafiya, a kurkure baki bayanta. Ita ce take kwantar da kumburin cikin bututun numfashi, kuma aikinta ba ya bayyana sai an yi makonni ana yi, shi ya sa iyaye da yawa suke yanke ta su ce ba ta aiki. Kuɗinta yana da nauyi, ban musanta ba, amma bai kai na kwana uku a gadon asibiti da oksijin ba, kuma yana da kyau magidanci ya bincika shirin inshorar lafiya na jiha, Ilera Eko, ya ji abin da zai rage masa.

Sai kuma abin da yaro yake shaƙa. A gidajen haya na ɗaki-ɗaki, janareta yakan kwana yana aiki a bakin taga, maganin sauro na kunnawa yana ci a ƙarƙashin gado, risho ko gawayi yana baranda, ga turaren wuta da uwargida ba ta son rabuwa da shi. Kowanne a cikin waɗannan yana iya tayar da asma shi kaɗai, balle sun haɗu a ɗaki guda da aka rufe. A nisantar da janareta daga taga, a maye gurbin maganin kunnawa da gidan sauro, a yi turare lokacin da yaro yake makaranta a buɗe tagogi kafin ya dawo, mai shan taba kuma ya fita waje da ita. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli musamman, danshi yakan sa bango da katifa su yi funfuna, kyankyasai su yawaita, saboda haka a riƙa shanya katifa duk ranar da aka samu rana. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana isowa har bakin teku, kuma yaran da aka kai Arewa hutun ƙarshen shekara sukan tarar da wadda ta fi ta Legas kauri nesa ba kusa ba. Kada a ɗaure kayan tafiya sai an tabbatar inhelu biyun suna ciki, da kwalbar shaƙa, da takardar da likita ya rubuta adadin fesar da za a yi idan ta tashi a hanya.